Ɗigon Habi da Ƙuri'un Ƙofar Ran

Duk wanda aka haifa a layukanmu na Ƙofar Ran cikin shekara ashirin da biyun nan, in dai uwarsa ba ta tura shi ƙarƙashin gado ba, Habibatu ta taɓa matse masa kumatu. Ita ce mai bi gida-gida tana ɗiga wa yara rigakafin shan-inna, shi ya sa sunanta na yanka ya ɓace aka bar ta da Habi Ɗigo. Ni kuma Yelwa, ni ce mai alli. In ta gama da yaran gida ta shafa musu tawada a ƙaramin yatsa, ni nake rubutawa a jikin bango cewa an shiga gidan nan, yara kaza, rana kaza. Shekara goma sha huɗu ina bin bayanta, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Gajeruwa ce, mai faɗin ƙafa, muryarta kuwa tana riga ta shiga gida. Ba ta yi boko mai zurfi ba. Ƙaninta da suke ciki ɗaya da rarrafe ya girma, ita ta riƙa goya shi zuwa makarantar allo har ya fi ƙarfin bayanta, kuma ba ta son a yi zancen. Mijinta, Allah ya jiƙansa, kwaɗon rufe ƙofa yake sayarwa a kasuwa. Ina yawan tsokanarta cewa shi ya ƙare rayuwarsa yana kulle gidajen mutane, ita tana bi tana buɗewa.

Ta fara aikin a zamanin da ake cewa ɗigon yana hana haihuwa. An watsa mata ruwan wanke-wanke, an zage ta tas, wani ma ya kwance mata ragonsa. Dabarar da ta yi ita ce, duk gidan da aka yi gardama sai ta ɗaga kai ta ɗiga wa kanta biyu a baki a gaban matan gida. Ta sha ɗigon da zai ishi makarantar firamare guda. Tana sha tana haihuwa, har takwas, ciki har da tagwaye. Daga baya ko baki ba ta buɗewa, cikin kawai take turowa gaba a zaure. A haka ta ci ƙofofin unguwa ɗaya bayan ɗaya, har aka yi shekara goma sha ɗaya ban rubuta alamar "an ƙi" a bangon kowa ba. Wannan shi ne abin alfaharinta a duniya, ba ta da wani.

Doka ɗaya ta kafa wa kanta: ita da siyasa ko a hanya. Ta ce ranar da aka gan ta da wata jam'iyya, rabin ƙofofin nan sun rufe. In zaɓe ya matso ba ta riƙe lema ko da ana tsuga ruwa, tsintsiya kuwa sai a cikin ɗaki, labule a sauke. An kawo mata atamfa mai hoton ɗan takara ba sau ɗaya ba, ta mayar a ninke.

To sai ga Dakta Obadiya.

Malami ne a wata jami'a a nan garin, ɗan kudancin jihar, dogo, siriri, mai ladabi har ya yi yawa. Mai unguwa ne ya turo shi. Ya same mu muna jera kwalaben rigakafi a cikin kula, ya durƙusa har ƙasa.

"Mama, sannu da aiki. An ce kai ne ka san kowane gida a nan."

Habi ta waiga bayanta tana neman namijin da ake wa magana. Ba wai ba ta saba ji ba, rabin Bauchi haka suke magana, tsokana ce kawai.

"An ce kai dakta ne. Na allura ko na fiɗa?"

"Na karatu ne, Mama. Siyasa na karanta."

"A'uzubillahi," in ji Habi, ta ja kularta baya.

Ya yi bayani. Shekara uku yana bincike a kan tambaya ɗaya: gidajen da suke karɓar rigakafi, shin sun fi fita zaɓe? Ba ruwansa da wanda aka zaɓa, fitar kawai yake so ya sani. Shi namiji ne, ba zai shiga gidajen mutane ba, mu yake so mu tambayar masa mata mu cike takardu. Habi ta ce a'a sau uku. Ni ce na zuga ta, na amsa laifina. Na ce in gwamnati ta ji masu rigakafi su ne masu ƙuri'a, ai sai ta ƙara kula da aikinmu. Gaskiyar magana kuma, jakar takardun da ya nuna mana ce ta burge ni, mai zif da madauri.

Mun yi wata biyu muna wannan aiki, gida ɗari uku. Takardar kowace mace shafi tara, har da tambayar kaji nawa ne a gidan, wanda har yau ban san haɗinsa da zaɓe ba. A ƙarshe kowace ta dangwala yatsa don shaida cewa da yardarta ta amsa. Dakta ya kwashe takardunsa ya yi godiya, muka manta da shi.

Bayan wata bakwai, wata safiya ina gidan Habi tana tsince shinkafa, sai muka ji muryarsa a rediyo. An gayyace shi ya faɗi abin da ya gano. Ya fara da Turanci, mai gabatarwa ya ce a yi Hausa saboda masu sauraro. Nan tsautsayi ya shigo.

"Mun duba a Ƙofar Ran," in ji Dakta. "Gidan da ya karɓi ɗigo, matan shi ya fi fita zaɓe, nesa ba kusa ba. Ka ga kamar ɗigon yana tura mutum zuwa akwati."

"Wato Dakta, ɗigon nan yana juya ƙuri'a ke nan?"

"E to, za a iya cewa haka, amma..."

Bayan "amma" ɗin nan ya jero wasu kalmomin Turanci masu tsawon igiyar shanya. Ba wanda ya ji su. Habi ta ajiye faifai a hankali ta dube ni.

"Yelwa, me ya ce?"

"Yaya Habi, bai ambaci sunanki ba."

"A Ƙofar Ran ɗigon uban wa ake sha in ba nawa ba?"

Kafin azahar maganar ta yi 'ya'ya. A majalisar mai shayi an ce ɗigon yana sa mutum ya fita zaɓe. A wajen masu markaɗe an ce yana sa ya zaɓi wanda gwamnati take so. Kafin ta kai bakin famfo an ce kala biyu ne a cikin kular Habi, akwai na kowace jam'iyya, ita take duba fuskar gida ta zaɓa. Sai kuma aka tuna da takardunmu: ba ga shi har dangwale muka sa mata suka yi ba?

Wanda ya fi kowa ɗaukar abin da zafi shi ne Alhaji Ɗanlarai, mai sayar da kayan gini, wanda ya tsaya takarar kansila ya sha ƙasa har a akwatin ƙofar gidansa. Wata da watanni yana neman wanda zai ɗora wa, Allah ya kawo masa Habi. Ya tare mu a bakin layi, malum-malum tana jan ƙasa.

"Habibatu, ashe ke ce! Ina ta zargin na kusa da ni, ashe a kula aka kayar da ni!"

"Haba Alhaji. Yaran da nake ɗiga wa ko shekara biyar ba su cika ba. Yaushe aka fara ba su katin zaɓe?"

"Shekara nawa kina wannan aiki?"

"Ashirin da biyu."

"Yawwa! Na farkon da kika ɗiga wa, yanzu shekarunsu nawa? 'Yata Fatimatuzzahra, da hannunki kika matse mata baki tana cikin zanen goyo. Ta kalli tsabar idona ta ce ba ni ta zaɓa ba. 'Yar cikina!"

 Lissafin Alhaji na banza ne, amma ya zauna daram, mutanen da suka taru sai gyaɗa kai suke yi.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Washegari sai ga matar wani mai shirin takara ta zo gidan Habi da turare da sabulai, ta rage murya ta ce maigida yana gaisuwa, ya ce in za a fito zagaye na gaba a taimaka a sako "na musamman". Habi ta raka ta da muciya har waje.

Ni ina dariya, ita ba ta yi. Saura kwana tara a fara zagayen rigakafi. Gida goma sha bakwai sun riga sun aika wa mai unguwa cewa kada mu tako musu. Mun je wani suna, muna shiga mata suka riƙa janye jarirai suna mayarwa baya, matan da Habi ta yi wa wankan jego da hannunta. Ta zauna a gefe, ko waina ba ta taɓa ba. A hanyar komawa ta ce da ni, "Yelwa, shekara ashirin da biyu fa."  Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, saboda jaka mai zif.

Da safe muka tari keke sai jami'a. Muka sami Dakta Obadiya a wani ɗan ofis da takardu suka cinye kujerun baƙi. Ya miƙe da murna, a zatonsa barka muka zo yi masa. Habi ba ta zauna ba.

"Dakta, ɗigona yana juya ƙuri'a?"

"A'a Mama! Ban ce haka ba."

"Da kunnena na ji ka ce e to."

"Na ce amma."

"Amma ɗinka da Turanci ka yi shi. E ɗin ne ka yi da Hausa."

Ta zayyana masa abin da ke faruwa. Mutumin nan ya riƙe kai da hannu biyu. Ba mugu ba ne, na shaida. Ya juyo mana da kwamfuta ya nuna wasu sanduna biyu, doguwa da gajeruwa, ya ce doguwar gidajenmu ne, gajeruwar ta wasu layukan da ba su cika karɓar rigakafi ba. Ya ce abubuwa biyun tare suke tafiya, amma dalilin ne bai sani ba. Yana tsammanin wanda ya yarda da hukuma a wajen lafiya zai yarda da ita a wajen zaɓe.

"Yarda da hukuma?" in ji Habi. "Matan Ƙofar Ran? Ka taɓa jin abin da suke cewa in an ɗauke wuta ana tsakiyar markaɗe?"

"To mene ne dalilin, Mama?"

"Ni ka tambaya? Kai ne dakta. Tashi mu je ka tambaye su, ka ga katunan da idonka. Wata biyu muna cike maka takarda, ko ƙafarka ba ka saka a layin ba."

Ya bi mu kamar ɗan makaranta. Habi ta bar kula da shuɗin hijabin aiki a gida don a bar ta ta shiga. A gidan farko Dakta ya tsaya a zaure, ta shiga ta ce wa matar gida malamin rediyo ne a waje, yana so ya ga katin rigakafin yaro. Matar ta hau kujera, ta sauko da kwalla daga saman sif, ta zaro wata farar leda a ƙulle ta bayar. Dakta ya kwance. Ga katin rigakafi na yara uku, ga katin awon ciki, ga katin zaɓen matar, ga na kakar gidan.

Gida na biyu, leda. Na uku, leda, ita ma daga kwalla. A na biyar Dakta ya ce, "Tsaya. Wa ya ce su riƙa ajiyewa haka?"

"Ni mana," in ji Habi. "Da in na zo sai a ce ɓera ya ci kati, ko ruwa ya jiƙa shi, ko maigida ya rubuta lambar waya a baya ya fita da shi. Na gaji. Na kafa doka: kati sai leda, leda sai kwalla, kwalla sai saman sif. Duk zuwa sai an sauko min da ita na gani."

"Katin zaɓe fa? Kai ka ce su sa a ciki?"

"Allah ya kiyaye! Ni kati kawai nake cewa. Su suka ji kati suka tattara duk abin da ake kira kati."

Muka ƙetara layukan da ba namu ba, inda ba a san dokar leda ba. A can ma mata sun yi rajista, amma in an ce ina katin zaɓe sai a fara kallon rufi. Wata ta ce maigida ya karɓa zai ajiye mata. Wata ta ce wani ya zo yana tattarawa ya ce zai dawo da shi. Wata tsohuwa ta kawo nata daga madafi, gefensa ya cinye, ta ce babu abin da ya kai shi kankare ƙanzo. Ranar zaɓe duk sun so fita, katin ne babu.

Dakta Obadiya ya zauna a kan dakali ya cire tabarau. "Shekara uku," ya ce. "Shafi tara. Na tambayi kaji, ban tambayi leda ba." Na ɗan tausaya masa. Can kuma sai na ga ya fara murmushi shi kaɗai, ya zaro biro yana rubutu a tafin hannu. Ya ce wannan ma ya fi na farkon, za a buga shi a ƙasar waje. Habi ta ce kafin a buga shi a ƙasar waje, a fara buga shi a ƙofar gidan mai unguwa.

Ranar Asabar bayan la'asar aka yi taron. Maza a tabarmi, mata a cikin zaure suna leƙe. Habi ta gindaya wa Dakta sharaɗi: kalmar Turanci ɗaya ta fito daga bakinsa, ita za ta karɓi maganar. Ya tsaya yana gumi, farar leda a ɗage a hannunsa.

"Ranka ya daɗe, jama'a, na yi kuskure. Ɗigo ba ya juya komai. Ɗigo yana hana shan-inna, shi ke nan aikin shi. Abin da ya kai matan ku akwati, ga shi nan. Leda ne."

Sai wani daga baya ya ce, "To me aka shafa wa ledar?" Dariya ta ɓarke, har mai unguwa sai da ya rufe baki da rawani.

Alhaji Ɗanlarai ya miƙe. "Ranka ya daɗe, na ji batun leda. To 'yata fa? Leda ce ta ce kar ta zaɓi ubanta?"

Daga cikin zaure muryar Fatimatuzzahra ta fito, a ladabce. "Baba, kwatar ƙofar gidanmu ce. Shekara shida kana cewa za ka gyara, kuma siminti kake sayarwa."

Alhaji ya zauna. Da za a tashi, ya matso kusa da Habi ya tambaye ta a hankali ko ledar wata iri ce ta daban, da kuma inda ake samunta da yawa.

Dakta ya koma gidan rediyo don ya gyara maganarsa. Suka ba shi minti uku tsakanin sanarwar ɗaurin aure da tallar maganin basir.

Ranar zagaye muka fito da sassafe, kula cike da ƙanƙara. Muka fara bin ƙofofi. Suka buɗe. Wasu da fara'a, wasu da tsokana, "Habi, a ɗiga masa na shugaban ƙasa!" Gidan Alhaji Ɗanlarai har da jikoki aka jero mana. Cikin gida goma sha bakwai ɗin nan, sha shida sun miƙo yaransu, Habi tana matse kumatu tana faɗa kamar ba abin da ya faru.

Na ƙarshe gidan Musaddiq tela ne, a ƙurewar lungu. Mutum ne shiru-shiru, ba ya zaman majalisa, bai je taro ba, ko katin zaɓe ba shi da shi. Matarsa Lailatu ta haifi 'yarsu ta fari wata huɗu da suka wuce. Ya fito ya tsaya a bakin ƙofa, tef ɗin awo a wuya, ya gaishe da Habi da girmamawa.

"Inna, ki yi haƙuri. Ba za a ba ta ba."

"Musaddiq, ba ka ji malamin ya ce kuskure ya yi ba? Leda ce fa."

"Na ji an ce ya ce. Amma da farko ma shi ya faɗa, kuma mai ilimi ne. Ni ban san wanne ne gaskiya ba. Ita kaɗai gare ni, Inna."

Ba zagi, ba ɗaga murya. Da zagi ne da Habi ta san abin yi. Ta yi masa magana ta fi rabin awa, ta ɗiga wa kanta biyu a baki a gabansa, ta kira sunan mahaifiyarsa. Muna jin kukan jaririyar daga ciki. Ya ce Allah ya saka da alheri, ya koma ya sa sakata.

Na tsaya da alli a hannu. Na ma manta yadda ake yin alamar, sai da na tuna. Na ce, "Yaya Habi, ko in bari ba rubutu?"

"Rubuta gaskiya," ta ce.

Na rubuta, raina a ɓace da kaina da Dakta da mai rediyo gaba ɗaya. Habi ta buɗe kula ta taɓa ƙanƙarar, ta rufe. Ta gyara hijabi ta zauna a dakalin gidan, ta miƙe ƙafafu.

"Je ki kai takardu, Yelwa. Ƙanƙarar za ta kai la'asar. Ai dole ya fito salla."